Hujin kunne na biyu da tabon da ya ƙi daina girma

Yarinyar 'yar yayata ce, a nan Garwa suke wajen Yelwa. An huda mata kunne tun tana jaririya kaman yanda ake yi wa kowace 'ya mace, kuma wannan hujin ya warke lafiya lau, har yau ba abin da ya same shi. Matsalar daga huji na biyu ta fito. Tana da shekara 16, ana gab da ƙaramar sallah, sai ita da ƙawayenta suka ce su ma sai sun ƙara huji a sama da na farko, wata a cikinsu ta ɗauki allurar ɗinki ta huda musu, aka zura ɗan kunnen kasuwa irin mai arhan nan da ke yin tsatsa. Na dama ya ɗan yi ja ya lafa. Na hagu kuwa ya kumbura, ya dinga ruwa da mugunya har sati-sati, ita kuma tana ɓoyewa cikin hijabi don kar uwarta ta yi faɗa, ga shi ta ƙi cire ɗan kunnen wai kar hujin ya toshe.

Daga baya ya bushe, kowa ya manta. Sai bayan wasu watanni ta fara jin wani ɗan ƙululu a bayan kunnen, kaman ƙwayar dawa, mai tauri, mai ƙaiƙayi musamman in ta yi zufa. Ya zama kaman gyaɗa. Kafin shekara ta zagayo ya kai girman goro, yana sheƙi, kuma ya wuce inda hujin yake ya ci lafiyayyar fatar da ke gefe. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi, da shi likita yake bambanta keloyid da tabo mai tudu na yau da kullum, shi mai tudun yana tsayawa iyakar raunin kuma da lokaci yakan kwanta da kansa, keloyid kuwa tsallake iyaka yake yi, kuma da wuya ka ga ya koma don kansa.

A gida an yi ta fassara. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce ƙarfen ɗan kunnen ne bai karɓe ta ba, wanda akwai ɗan gaskiya a ciki. Goggonta ta ce a ɗaure gindinsa da zare tamau zai bushe ya faɗi da kansa. An ɗaure, yarinya ta kwana tana kuka, wajen ya yi gyambo, zaren ya nutse cikin nama, dole aka kwance. Sai aka kira wanzami ya sa aska ya share shi tas. To wallahi a lokacin kowa ya ji daɗi, kunne ya dawo sumul, Yaya har sadaka ta yi. Bai daɗe ba ya dawo, kuma wannan karon gaba da baya, na bayan ya fi na da girma sosai har yana rinjayar kunnen.

Abin da ba wanda ya haɗa da wannan labarin shi ne ubanta yana da irin wannan tabon a ƙirji, inda ya taɓa yin ƙuraje yana saurayi, mahaifiyarsa ma akwai tudu-tudu a inda aka yi mata tsaga a kafaɗa. Ana ganinsu kullum amma ba a ɗauke su ciwo ba.

Ni ba likita ba ne, malamin ilimin halittu ne a lise, amma ni na raka su asibiti. Dokta ya duba, ya latsa, ya tambayi tarihin gida, ko awon jini bai nema ba, ya ce keloyid ne, sannan ya kalli Yaya ya ce Hajiya don Allah kar a sake sa wa kunnen nan aska. A hanya Yaya take tambayata, kai da ka yi boko, wane irin nama ne wannan da ake yankewa yana ƙaruwa? Amsar da na yi ta ƙoƙarin ba ta ita ce nake so in shimfiɗa a nan, don ni a ganina duk ɓarnar da aka yi daga fahimta guda ta fito, an ɗauka nama ne ya tsiro sai a cire, alhali umarni ne da ake ta aikawa cikin fatar ba a janye shi ba.

Bara in fara da fatar kanta. Mutane suna ɗauka jiki duk ƙwayoyin halitta ne jere da juna, to ƙarƙashin fatar sama ba haka abin yake ba, ƙwayoyin 'yan kaɗan ne a warwatse, mafi yawan wajen wata shimfiɗa ce da su ƙwayoyin suka saƙa a tsakaninsu, masana suna ce mata matiriks. A cikinta akwai kolajin, shi ne zaruruwa masu ƙarfi, kuma shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin ɗin jikin mutum. Akwai ilastin mai sa fata ta miƙe ta dawo, akwai fibironektin da ƙwayoyin ke kamawa su yi tafiya a kai, akwai wasu masu riƙe ruwa. Ƙwayar da ke ƙera yawancin waɗannan sunanta fibirobilas. Ku ɗauke ta a matsayin magini, matiriks kuma ginin. Magini ba ya tashi haka kawai ya kama ɗora bulo, sai mai aiki ya aiko masa. Kuma a wajen ginin akwai masu rusau, wasu sinadarai da ake kira MMP masu yanka tsohon kolajin, su ma akwai masu riƙe musu hannu, TIMP. A lafiyayyar fata gini da rusau suna tafiya daidai wa daida, shi yasa ba ka ganin komai yana canzawa.

Aiken da ake yi wa maginin shi ne abin da ake kira sinadaran girma. Ƙananan furotin ne da wata ƙwaya ke saki, su je su manne a makarɓin da ke jikin wata ƙwayar, su ce mata ki rabu biyu, ko ki matso nan, ko ki ƙera kaza. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen ne suka gano na farko-farko, na jijiya da na fatar sama, aka ba su kyautar Nobel a 1986. Wanda ya fi shafar labarinmu shi ne TGF-beta, wanda Anita Roberts da Michael Sporn suka fito da shi a Amurka a farkon shekarun 1980. A 1986 ɗin nan dai suka yi wani gwaji mai sauƙi, suka yi wa jariran ɓeraye allurar TGF-beta ƙarƙashin fata, ba rauni ba komai, cikin 'yan kwanaki wajen ya cika da fibirobilas da sabon kolajin da sababbin jijiyoyin jini. Ma'ana saƙon kaɗai ya isa ya sa a yi tabo, ko da ba a ji ciwo ba.

Yanzu mu koma kunnen yarinyar, ranar da allura ta shiga. Jini ya fito, 'yan ƙwayoyin daskarar da jini da a asibiti ake ce musu pilaket suka taru suka toshe, kuma a cikinsu akwai 'yan jakunkuna cike da TGF-beta da wani ɗan'uwansa PDGF, suka zazzage su a wajen. PDGF aikinsa ya kira fibirobilas su zo kuma su hayayyafa. Sai sojojin jiki suka iso, musamman makarofaj masu cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, su ma suna aiki suna ƙara sakin TGF-beta. Duk wannan daidai ne, in ba a yi haka ba rauni ba zai rufe ba.

Abin da ke faruwa in TGF-beta ya isa jikin fibirobilas shi ne wajen da nake so a natsu. Shi ba ya shiga cikin ƙwayar, a ƙofa yake tsayawa. Yana manne wa makarɓi na biyu, shi kuma ya jawo makarɓi na ɗaya ya liƙa masa fosfet, wato ya kunna shi. Na ɗayan ya juya ta ciki ya liƙa fosfet a kan wasu 'yan aike biyu, Smad2 da Smad3, su kuma su haɗu da Smad4, sai su shige cibiyar ƙwayar inda kundin gado yake, su zauna a kan wasu wurare na DNA. Daga nan umarni ke fita, kuma ba guda ɗaya ba ne, nan ne abin ya ba ni mamaki lokacin da na fara karanta shi. An ce a buɗe jin ɗin kolajin, wato guntun DNA mai ɗauke da tsarin ƙera shi, COL1A1 da COL1A2, da na fibironektin, a ƙera da yawa. A lokaci guda an ce a rage MMP-1 mai yanka kolajin, a ƙara TIMP da wani PAI-1 masu hana rusau. Sannan an ce a saki wani sinadarin girman kuma, CTGF, mai ƙara wa saƙon ƙarfi, kai har shi TGF-beta ɗin ƙwayar tana ƙara ƙera shi da kanta. To kun ga an ƙara gini, an tsayar da rusau, an kuma ninka aiken.

Shi kolajin ɗin ma ba haka kawai yake fitowa ba, a cikin ƙwayar ake murɗa zare uku su zama igiya ɗaya, kuma wannan murɗin ba ya kamawa sai da bitamin C, shi yasa wanda ya rasa bitamin C na dogon lokaci dasashinsa ke jini kuma rauninsa ba ya warkewa. Bayan an fitar da shi waje sai wani sinadari mai aiki da jan ƙarfe, lisil okisidas, ya ɗaure igiyoyin da juna su yi tauri, shi ma TGF-beta yana ƙara shi. Wasu fibirobilas ɗin kuma saƙon yana mai da su mayofibirobilas, su sami zaren jan tsoka a cikinsu, su kama bakin raunin su dinga ja har ya tsuke.

A jikin yawancin mutane abin yana da birki. Cikin jin ɗin da TGF-beta ke buɗewa akwai Smad7, wanda aikinsa shi ne ya koma ƙofa ya tare makarɓin, har ya sa a lalata shi. Wato saƙon da kansa yana ɗauke da takardar janye shi. In rauni ya rufe, makarofaj suka watse, TGF-beta ya ragu, mayofibirobilas ɗin sai su mutu mutuwar da aka tsara musu, masu rusau su dawo aiki, a dinga cire kolajin nau'i na 3 da aka yi cikin gaggawa ana sa nau'i na 1 a tsare. Wannan gyaran yana ɗaukar shekara ko fiye, kuma duk da haka tabo ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Haka hujinta na jarirai ya yi, haka yawancin raunukan da muka ji muna yara suka yi.

To me ya hana na hagu tsayawa? Abu na farko kumburin da ya daɗe. Sati-sati ana mugunya, ga ƙarfe mai tsatsa a ciki, makarofaj ba su tafi ba, TGF-beta yana ta kwarara, dama an lura raunin da ya haura sati uku bai rufe ba ya fi barin mummunan tabo. Abu na biyu ita kanta fibirobilas ɗin mai keloyid daban take. In aka ciro ta aka raina a kwanon gwaji, nesa da jikin mai ita, tana ci gaba da ƙera kolajin fiye da ta lafiyayyar fata, an samu makarɓan TGF-beta sun fi yawa a jikinta, Smad3 an kunna shi, Smad7 kuma ya yi ƙasa, ga shi ba ta saurin mutuwa lokacin da ya kamata. Adadin da aka saba kawowa shi ne keloyid na ƙera kolajin kusan ninki 20 na fata lafiyayya.

Abu na uku shi ya fi burge ni, kuma shi ne da wuya a yi wa mutum bayani a kan moto. TGF-beta ba a sakinsa tsirara, ana fitar da shi ne a naɗe cikin wani kube, a rataye shi jikin matiriks ɗin, yana nan a ajiye ba ya aiki. Ƙwayar tana da wasu ƙugiyoyi, intagirin, da take kama matiriks da su. In ta kama kuben ta ja, matiriks ɗin kuma mai laushi ne, sai kawai ya biyo ta, ba abin da ya buɗe. Amma in mai tauri ne ya ƙi motsi, jan sai ya yage kuben, TGF-beta ya fito ya koma ƙofar ƙwayar. Kun ga zagayen ke nan, saƙo ya sa an yi kolajin, kolajin ya sa wajen ya yi tauri, tauri ya sa an saki ƙarin saƙo. Ginin da kansa ya koma yana aika wa magini. Wannan ne ma ya sa keloyid ya fi son inda fata ke cikin ja kullum, tsakiyar ƙirji, kafaɗa, saman baya, muƙamuƙi, ga kuma kunne da ake hudawa a rataya masa nauyi. A tafin hannu da tafin ƙafa da fatar ido da wuya ka gan shi.

In an fahimci wannan, abin da zaren Goggo da askar wanzami suka yi ba ya buƙatar dogon bayani. An cire tudun, amma fibirobilas ɗin da ke gindi da gefe suna nan da halinsu, kuma yanzu an ba su sabon rauni wanda ya fi hujin allura faɗi nesa ba kusa ba, sabon jini, sababbin pilaket, sabon kumburi. Kuma gaskiya ni ban ga laifin wanzamin sosai ba, don ko likitan tiyata ne ya yanke shi a ɗakin aiki da kayan da aka dafa, in dai yankan ne kawai ba a biyo da komai ba, alƙaluman da ke cikin littattafan likitanci suna cewa tsakanin kashi 45 zuwa 100 cikin 100 yana dawowa. Inda zan yi masa magana shi ne da ya ga irin naman ya kamata ya tambaya ko akwai shi a dangi, su da suke yin tsaga da ƙaho da kaciya sun fi kowa ganin fatar da ke tashi.

Yaya ta yi wata tambaya mai kyau, ta ce to me yasa hujin jarirai bai yi ba, ai kunnen ɗaya ne jinin ɗaya ne. Keloyid ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, yakan taso lokacin balaga, yakan kuma ƙaru in mace na da ciki. Akwai wani ɗan bincike da aka buga a Amurka a 2005, mutum 32 ne kawai don haka kar a ɗora masa kaya da yawa, amma ya nuna waɗanda aka huda daga shekara 11 zuwa sama sun fi yin keloyid a kan waɗanda aka huda kafin nan. Al'adarmu ta huda wa jaririya ashe tana da ranarta, yayin ƙara huji na biyu da na uku a lokacin 'yanmatanci shi ne ke kawo aiki. In aka koma baya can, ɗan tayi a ciki har wajen wata na shida in aka yi masa rauni fatarsa tana warkewa ba tabo sam, kuma an ga a rauninsa kumburi kaɗan ne, TGF-beta nau'i na 3 ya fi rinjaye, saɓanin babba da na 1 da na 2 suka fi yawa.

Batun gado kuma ba shakka a kai, baƙar fata mun fi Turawa yinsa sosai, mutanen Asiya ma haka, kuma yana bin gida. Ba jin guda ɗaya ba ne. A Japan a 2010 an gano wasu wurare a kundin gado da ke da alaƙa da shi, ciki harda wani jin mai suna NEDD4. Abin da ke wahalar da masu bincike shi ne keloyid na ɗan Adam ne, ɓera ba ya yinsa, to ina za ka gwada magani.

Maganin da Dokta ya tsara duk a kan saƙon ya dosa. Ya fara da allurar tiriyamsinolon, wadda a farmasi aka fi sani da Kenacort, ba a ɗuwawu ba, a cikin naman keloyid ɗin kansa, wata-wata. Allurar akwai zafi, don naman ya yi tauri ruwan ba ya son shiga, ta farko sai da na riƙe ta, tana cewa Kawu ka ce ya bari. Aikinta shi ne ta kwantar da kumburi, ta rage TGF-beta, ta hana fibirobilas hayayyafa da ƙera kolajin, masu rusau su sami sarari. Ƙaiƙayin ne ya fara tafiya, daga nan naman ya yi laushi, amma girman bai ragu can-can ba don ya riga ya yi yawa. Sai da ya yi laushin sannan aka yanke, aka ɗinke ba tare da an ja fatar ba, aka sa allurar a bakin raunin, aka ci gaba da ita bayan an cire zare. Sannan aka ce ta dinga sa wani ɗan maƙali mai matse kunnen gaba da baya, yawancin awannin yini, wata da watanni. Yankan iri ɗaya ne da na da in ka kalle shi daga nesa, bambancin shi ne wannan karon an tare aiken kafin ya isa.

Ba a tafi sumul ba sha. Fatar wajen ta yi fari-fari ta yi siriri, wannan sananne ne da allurar, kuma a baƙar fata yana fitowa fili. An ba ta filastar silikon amma a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40, zufa ba ta bari ta zauna. Lokacin jarabawa kuma randebu ya wuce ta, ga kuɗin allura ga na moto, maƙalin ma ta dinga cirewa in za ta lekol saboda tsokanar yara, sai ga gefe ɗaya ya fara tauri yana ƙaiƙayi, dole aka koma allura. Akwai kuma wata maƙwabciya da ta kawo man bilicin, wai ai shi ma irin maganin ne a ciki. Eh akwai dangin sinadarin a wasunsu, amma shafawa a sama ba ta ratsa wannan taurin, fatar gefe kawai za ta ɓata. Dokta ya ambaci haska wajen da na'urar rediyoterapi cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan yanka, wanda yana rage dawowa sosai, sai dai a lokacin wannan sai an gangara kudu irin su Duwala, kuma ga yarinya ƙarama bai ga dalilin gaggawa ba. Akwai kuma masu haɗa allurar da 5-FU, wani maganin ciwon daji da ke hana ƙwayoyi rabuwa.

Mijin Yaya da na gama masa wannan bayanin cewa ya yi, to tunda an san sunan mai laifin me ya hana a yi ƙwaya ɗaya a kashe shi kowa ya huta. An gwada tunanin. A 1992 aka samar da ɓerayen da aka cire musu jin ɗin TGF-beta 1 gaba ɗaya, cikin sati uku zuwa huɗu da haihuwa suka mutu, sojojin jikinsu suka afka wa zuciya da huhu da sauran sassa, ashe shi ne ke riƙe da linzamin garkuwar jiki. Yana kuma hana wasu ƙwayoyin rabuwa barkatai a farkon ciwon daji. Ta ɗaya ɓangaren wani kamfani a Ingila, Renovo, ya yi maganin allura da TGF-beta 3 don a kwaikwayi ɗan tayi, Juvista, ya yi kyau a gwajin farko, amma a 2011 ya faɗi a babban gwaji. Inda aka ɗan ci nasara shi ne huhu, a 2014 Amurka ta amince da pirfenidon da nintedanib don ciwon da ke mai da huhu tabo, na biyun yana toshe makarɓan PDGF da wasu sinadaran girma biyu, FGF da VEGF, ne, kuma su ma rage gudun ciwon suke yi, ba sa mai da huhun yanda yake. Sannan akwai masu matsalar akasin tamu, mai ciwon suga da gyambon ƙafa ya ƙi rufewa, shi saƙon ne ya yi masa kaɗan, har a 1997 aka amince da wani man shafawa mai PDGF a ciki don a ƙara masa.

Wani abu da nake gaya wa ɗalibaina, wannan hanyar ta TGF-beta da Smad ba a fata kaɗai take ba. Mai ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a arewacin Kamaru da Cadi, shekara da shekaru hantarsa tana cikin kumburi, wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro a cikinta suna jin wannan aiken su koma mayofibirobilas su cika ta da kolajin har ta ƙanƙance ta yi tauri, shi ne sirozis. Ƙodar mai suga ma haka. Na yarinyar nan dai a waje yake ana gani ana taɓawa.

Inda ake yanzu, kunnen hagu ya kwanta, akwai ɗan kauri da farin tabo, tana sa maƙalin da dare da kuma in tana gida. Dokta ya ƙi cewa ta warke, ya ce sai an yi kaman shekara biyu bai motsa ba, don yawancin masu dawowa a cikin wannan tsakanin suke dawowa. Ya ce duk ranar da za a yi mata wani aiki a jiki, ko tiyatar haihuwa ce, ta faɗa tun kafin a fara, kuma ƙurajen fuska da na ƙirji kar ta dinga matsa su. Ƙannenta mata biyu an hana su ƙarin huji, ƙaramar tana ta fushi. Na dama da shi ma daga baya ya ɗan yi ƙululu kaman ƙwayar gero bai yarda a taɓa shi da wuƙa ba, allura kawai ake masa, kuma ya lafa.